Hujja Mai Giɓi: Tarihin Ƙoƙarin Koya wa Na'ura "Sanin Kowa"

'Yan uwa marubuta, duk wanda ya taɓa zama ya tsara hira tsakanin taurarin labarinsa ya san cewa rabin magana ake rubutawa, mai karatu shi ke cike sauran. Idan muka sa wata tsohuwa ta ce wa jikarta, "Ke, kwashe shanyar nan, gabas ta yi baƙi," ba ma tsayawa mu yi bayanin cewa baƙin gabas hadari ne, hadari kan zo da ruwa, ruwa kuma ɓata shanya yake yi. Mun haɗiye waɗannan matakai uku saboda sanin kowa ne. Haka dattijo kan ce, "In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta," sai ya tsuke bakinsa, amma duk wanda ke zaune a wurin ya ji ƙarshen maganar a zuciyarsa. Marubucin da ya nace sai ya faɗi komai da komai kuwa, ajiye littafinsa ake yi tun ba a kai shafi na goma ba.

To, wannan abu da muke yi kullum ba tare da mun ko lura ba, shi ne ya hana masu ƙera na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, barci har tsawon shekara sittin da ɗoriya. Fannin nasu shi ake kira ƙirƙirarriyar basira. A wannan maƙala za mu bi sawun yadda suka yi ta fama da hujjar da aka faɗi rabinta aka bar rabi, wadda za mu riƙa kira hujja mai giɓi, da kuma ilimin da mai magana da mai sauraro suka yi tarayya a kai, wanda da shi ake cike giɓin.

Maganar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masanin nan na ƙasar Girka, Aristotal, wanda malaman zaure suka fi sani da Arisɗo, ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya tsara ƙiyasi, wato hujjar da ke da muƙaddima biyu da sakamako ɗaya: duk ɗan Adam mai mutuwa ne, wane ɗan Adam ne, saboda haka wane mai mutuwa ne. Amma da ya zo rubuta littafinsa kan fasahar jawabi, sai ya lura cewa babu mai magana haka a kotu ko a dandali. Ya ba da misali da wani gwarzon ɗan wasa mai suna Dorieus. Ya ce in kana son nuna cewa mutumin ya ci gasar da ake naɗa wa gwaninta kambi, ya isa ka ce ya yi nasara a wasannin Olamfik, don kuwa babu Bagirken da bai san kambi ake bayarwa a can ba, mai sauraro da kansa zai ƙara wannan. A lura da kyau, Arisɗo bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba. A wurinsa ƙarfin jawabi ke nan, domin mutum ya fi yarda da hujjar da ya sa hannu wajen ƙarasa ta.

Da aka fassara littattafansa zuwa Larabci a zamanin daular Abbasiyawa, malamai irin su Alfarabi, wanda ya rasu a 950, da Ibn Sina, a 1037, da Ibn Rushd, a 1198, duk sun yi sharhi a kan wannan littafi, suka kuma lissafa shi cikin ilimin Manɗiƙi. Sunan da suka ba hujja mai giɓi shi ne lamiri, abin da aka ɓoye a zuci, kalmar nan dai da muke koya wa ɗalibai a darasin nahawu. Ilimin Manɗiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Almagili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, yana cikin masu kare shi, har sun yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar a kan halaccin karanta shi.

Turawan da suka zo daga baya sai suka bi wata hanya dabam. Burinsu shi ne su mayar da tunani lissafi. Leibniz na Jamus ya yi mafarkin ranar da masu gardama za su ajiye cacar baki su ɗauki alƙalami su lissafa wa ke da gaskiya. George Boole na Ingila ya fitar da littafinsa kan dokokin tunani a 1854. A 1879 kuma Gottlob Frege, malami a Jami'ar Jena, ya ƙago wani salon rubutu na alamomi, kuma manufarsa a fili take: a samu jerin hujja wanda ba shi da giɓi ko ɗaya, kada wani zato ya silalo ciki ba a gan shi ba. Abin dariya, wanda ya fara nuna iyakar wannan buri ɗan uwanmu ne marubucin labarin yara. Lewis Carroll, wanda ya rubuta labarin Alice, malamin lissafi ne a Oksfod. A 1895 ya buga wata 'yar hira a mujallar masana falsafa tsakanin kunkuru da jarumi Achilles. Kunkuru ya yarda da muƙaddima ta farko da ta biyu, amma ya ƙi karɓar sakamako sai an rubuta masa ta uku mai cewa in biyun farko gaskiya ne to sakamakon gaskiya ne. Da aka rubuta, sai ya nemi ta huɗu mai tabbatar da ukun, haka dai har littafin jarumin ya kusa cika ba a gama ba. Ma'ana, ko a lissafi tilas akwai wani abu da ba a rubuta ba wanda ɓangarorin biyu suka riga suka amince da shi.

A 1956 aka yi taron nan na kwalejin Dartmouth a Amurka inda fannin ƙirƙirarriyar basira ya samu sunansa. A wannan shekara Allen Newell da Herbert Simon da Cliff Shaw suka nuna wata manhaja da ta tabbatar da ƙa'idoji 38 daga cikin 52 na farko a babi na biyu na babban littafin lissafi na Whitehead da Russell. Murna ta cika kowa, aka ɗauka tunda na'ura ta iya abin da ke ba shehunan malamai wahala, to abin da yaro ɗan shekara biyar ke yi ai wasa ne. Ashe ɗan hakin da aka raina shi zai tsone ido.

A watan Nuwamba na 1958, a wani taro a Teddington kusa da Landan, John McCarthy, yana ɗan shekara 31, ya gabatar da takarda kan manhajar da za ta mallaki hankali irin na yau da kullum. Misalinsa ƙarami ne: mutum yana zaune a teburinsa a gida, motarsa tana waje, yana son zuwa filin jirgin sama. Yaya na'ura za ta gano da kanta cewa sai ya tashi ya taka zuwa mota, sannan ya tuƙa ta? A cikin masu sauraro akwai Yehoshua Bar-Hillel na Jami'ar Ibrananci ta Birnin Ƙudus, wanda ya miƙe ya ce wannan ra'ayi ɗanye ne, bai nuna ba. Shi Bar-Hillel ya san inda ke masa ƙaiƙayi, don ya yi shekaru yana aikin fassara da na'ura. A rahotonsa na 1960 ya kawo wata kalmar Ingilishi da ke nufin alƙalami, take kuma nufin ɗan keɓen da ake sa yara su yi wasa a ciki. In aka ce an tsinci akwati a cikinta, kowane mutum ya san keɓen ake nufi, domin akwati ba ya shiga cikin alƙalami. Amma wace ƙamus ce ta rubuta girman akwati da na alƙalami? Mu ma muna da irinta a rubutun boko. "Ta zuba gari a kwano" da "ya shiga gari da yamma" rubutu ɗaya ne, abin da ke raba su ga mai karatu shi ne sanin cewa birni ba ya shiga kwano. Bar-Hillel ya yanke hukunci cewa na'urar fassara sai ta haɗiye kundin ilimin duniya gaba ɗaya, kuma a ganinsa hakan ba mai yiwuwa ba ne. A 1966 wani kwamitin da gwamnatin Amurka ta nema ya ba ta shawara ya fitar da rahoton da ya sa aka janye mafi yawan kuɗin binciken fassara da na'ura.

A daidai wannan lokaci masana falsafa suna tono ramin ta ɗaya gefen. Stephen Toulmin na Ingila ya nuna a 1958 cewa hujjar yau da kullum tana da da'awa, da dalili, da kuma wata gada da ke haɗa su, wadda galibi ba a furta ta. Paul Grice kuma, a laccocin da ya yi a Jami'ar Harvard a 1967, waɗanda aka buga sashensu a 1975, ya bayyana yadda muke fahimtar abin da ba a faɗa ba. Misalinsa shi ne matafiyin da ya ce mansa ya ƙare, wani ya amsa masa cewa akwai gidan mai a bayan kwana. Bai ce a buɗe yake ba, bai ce akwai mai ba, amma matafiyin ya ji haka, saboda ya ɗauka wanda ya amsa taimakonsa yake nufi. Duk wanda ya san habaici da gugar zana zai ce Grice bai zo da sabon abu ba. Gaskiya ne, sai dai shi ya zauna ya tsara dokokin abin, dokoki kuwa su mai rubuta manhaja ke nema.

Sashen wannan tarihi da ya fi kusa da sana'armu shi ne na shekarun 1970, lokacin da aka ce bari a gwada na'ura da labari. Eugene Charniak ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1972 a kan fahimtar labaran yara ƙanana, ya tarar cewa layi uku na labarin bikin ranar haihuwa yana buƙatar tulin sani game da kyauta da kuɗi da asusu da halin yara. Roger Schank da Robert Abelson na Jami'ar Yale suka fitar da littafi a 1977 inda suka ce a cikin kanmu akwai shiryayyun tsare-tsare na al'amuran da muka saba. Wanda suka fi shahara da shi shi ne na gidan abinci: a shiga, a zauna, a yi oda, a ci, a biya, a fita. In labari ya ce wani ya shiga gidan abinci ya nemi nama, ya biya ya fita, manhajarsu za ta iya amsa cewa ya ci naman ko da yake ba a faɗa ba.

Wani ɗalibin Schank mai suna James Meehan ya juya abin, ya rubuta manhaja mai ƙirƙiro tatsuniyoyin dabbobi, ya sa mata suna TALE-SPIN, a 1976. Ya yi mana alheri da ya adana tatsuniyoyin da suka lalace, don sun fi masu kyan koyarwa. A ɗaya daga ciki, wata dabba mai jin yunwa ta tambayi abokinta tsuntsu inda za ta samu zuma. Tsuntsu ya ce akwai amya a kan wata bishiya. Sai dabbar ta fusata ta ce za ta doke shi in bai gaya mata inda zuma take ba. Na'urar ba ta san cewa a cikin amya ake samun zuma ba, saboda haka a wurinta tsuntsu bai amsa tambaya ba. Meehan ya gyara, ya sanar da ita cewa amya tana da alaƙa da abinci. A zagaye na gaba dabbar ta tafi bishiya ta cinye amyar ɗungurungum. An sayar da biri an sayi kare, tsugune ba ta ƙare ba. A wata tatsuniyar kuma, wani ƙwaro ya zame ya faɗa kogi. An koya wa na'urar cewa faɗuwa aikin ƙarfin nan ne da ke jawo abubuwa ƙasa, an kuma koya mata cewa duk wanda ke cikin ruwa ba shi da ƙafa ko fiffike ko abokin da zai cece shi zai nitse. Sai ta ba da labari cewa shi wannan ƙarfi ne ya nitse ya mutu. Mu da muke duba rubutun zube na ɗalibai mun sha ganin tsallake da maimaici, amma irin wannan kuskure babu yaron da ke yin sa, domin yaro ya zo aji da duniya a cikin kansa.

Su masu bin hanyar Manɗiƙi suka ga cewa akwai wata matsala a gindin abin. A Manɗiƙin gargajiya, in ka tabbatar da sakamako, ƙarin bayani ba ya rushe shi. Tunanin mutum kuwa ba haka yake ba. In aka ce maka wani ya sayi tsuntsu, za ka ce ya rufe keji kada ya tashi. In aka ƙara da cewa ai jimina ce, nan take ka janye. McCarthy ya yi bayanin wannan da irin wasan ƙwaƙwalwar nan na haye kogi da ƙaramin kwalekwale, ɗan uwan namu na mutum da kura da akuya da damin dawa. Babu wanda ke faɗa a cikin wasan cewa babu gada a kusa, ko jirgin ba ya yoyo, ko akwai abin tuƙi. Duk mun ɗauka haka ne, kuma in wani ya ce a bi ta gada sai mu ce ya ɓata wasa. In kuwa aka ce sai an lissafa duk abin da babu, to ba ranar gamawa. A 1980 mujallar fannin ta fitar da bugu na musamman inda McCarthy, da Raymond Reiter na Kanada, da Drew McDermott tare da Jon Doyle, kowa ya kawo tsarinsa na yadda na'ura za ta riƙa cewa "haka abin yake sai in an ji akasi." Ba a daɗe ana murna ba, a 1986 McDermott ɗin da kansa tare da Steve Hanks suka fito da wani ɗan misali: a ɗura bindiga, a ɗan jira, a harba. Waɗannan tsare-tsare suka kasa zaɓa tsakanin amsar da kowa ya sani, da wata amsa mai cewa harsashin ya ɓace haka kawai a lokacin jira. Shekaru aka kwashe ana rubuce-rubuce kan wannan bindiga guda.

A nan ya kamata mu ɗan dakata a kan kalmar "sanin kowa" ita kanta, don tana da zurfin da ba a zata ba. David Lewis ya nuna a littafinsa na 1969 cewa akwai bambanci tsakanin kowa ya san abu, da kowa ya san cewa kowa ya sani, da kowa ya san cewa kowa ya san haka, har abin da ba shi da iyaka. Robert Aumann ya ba wannan siffar lissafi a 1976. Akwai wani wasa da ake bayyana shi da shi. Yara biyu sun dawo daga wasa, kowanne da taɓo a goshi, kowanne yana ganin na ɗan uwansa ba ya ganin nasa. Uba ya ce, "Aƙalla ɗayanku yana da taɓo a goshi. Wanda ya san yana da shi ya faɗa." Duk suka yi shiru. Ya sake tambaya, sai duk suka amsa tare. Dalili shi ne kowanne ya ce a ransa, da goshina fes yake, da ɗan uwana ya gane tun tambayar farko cewa shi ake nufi, shirunsa ya nuna ni ma ina da shi. Uban bai gaya musu abin da ba su sani ba, abin da ya yi shi ne ya fito da shi fili. Aikin maroƙi ke nan a wurin ɗaurin aure. Duk unguwa ta san wane yana neman wance, amma sai an yi shela a gaban shaidu kafin kowa ya iya dogara da cewa kowa ya sani.

Wannan ba wasan masana kaɗai ba ne, domin kwamfutocin da ke aiki tare ta waya suna cikin wannan hali. Akwai misalin sarakunan yaƙi biyu a kan tsaunuka biyu, abokan gaba suna kwari a tsakaninsu, kuma sai sun kai hari lokaci guda za su yi nasara. Na farko ya aika manzo cewa da asuba za a far musu. Bai san ko manzo ya tsira ba, sai ya jira amsa. Na biyu ya aiko da amsa, shi ma bai san ko ta isa ba, sai ya jira amsar amsa. A 1984 Joseph Halpern da Yoram Moses suka tabbatar ta hanyar lissafi cewa muddin saƙo yana iya ɓata a hanya, ko manzo nawa aka aika ba za a kai ga cikakken sanin tarayya ba. Mu mutane da zato mai ƙarfi muke rayuwa, mu duba fuskar abokin hira, in ya ɗaure gira mu ƙara bayani. Marubuci kuwa ko fuskar ba ya gani.

A shekarar 1984 ɗin dai, Douglas Lenat ya ce tunda dabara ta ƙi, a koma ga wahala. A birnin Austin na jihar Texas, a ƙarƙashin wata haɗakar kamfanonin Amurka da aka kafa don gasa da shirin kwamfuta na Japan na 1982, ya fara aikin da ya kira Cyc. Hikimarsa ita ce a ɗauki kundin ilimi, a bar abin da aka rubuta, a tambayi kai me marubucin ya ɗauka mai karatu ya riga ya sani, sannan a rubuta wannan da hannu, ɗaya bayan ɗaya, cikin harshen Manɗiƙi. Ruwa gangare yake bi. Uwa ta girmi ɗanta. Wanda ya mutu jiya yau ma matacce ne. Da sauri suka gano cewa sanin kowa yana karo da juna, sai suka raba shi ɗaki-ɗaki, ta yadda abin da yake gaskiya a duniyar tatsuniya, inda dabbobi ke magana, ba zai gurɓata na duniyar zahiri ba. Zuwa 2017 an ba da rahoton cewa rumbun ya kai kusan bayanai miliyan 25. A 1999 wasu a jami'ar MIT, ciki har da Push Singh, suka gwada wata hanya, suka buɗe shafi a intanet kowa ya zo ya rubuta abin da ya sani, mutane fiye da 15,000 suka ba da gudummawa. A ganinmu an yi wa Lenat dariyar da ta wuce kima. Ko ba komai shi kaɗai ya ɗauki ƙalubalen Bar-Hillel da gaske, ya ce bari a auna girman kundin da aka ce ba ya rubutuwa.

Ita kuwa hujja mai giɓi da sunanta, sai a shekarun 1990 da bayansu ta dawo tsakiyar fage. A 1995 Phan Minh Dung, yana koyarwa a wata cibiya kusa da Bankok ta ƙasar Tailan, ya buga takardar da ta zama ginshiƙi. Ya ce a ɗauki hujjoji kamar 'yan dambe, a duba wace ke kai wa wace naushi, kuma hujja tana tsayawa ne in duk mai kai mata hari akwai wadda ta kayar da shi. Douglas Walton na Kanada ya tattara sifofin hujjar da mutane suka saba yi, kamar kafa hujja da faɗar masani, ko da alama, ko da kwatance, kowace da tambayoyin da ake gwada ta da su. Tare da Chris Reed na Jami'ar Dundee suka nuna a 2005 cewa in ka gane sifar, ka gane muƙaddimar da ta ɓata. In wani ya ce, "Sha wannan magani, likita ne ya ce," to abin da aka haɗiye shi ne likitan ya san wannan cuta, kuma faɗarsa abin dogaro ce.

Anthony Hunter na Landan a 2007, sannan shi da Elizabeth Black a ayyukan da suka biyo baya, suka zana abin yadda na'ura za ta iya bi. Mai magana yana da cikakkiyar hujja a ransa, yana kuma da ma'auni na yadda yake zaton kowane bayani sananne ne tsakaninsa da wannan mai sauraro. Sai ya zubar da waɗanda suka haye ma'aunin, ya aika da saura. Mai sauraro kuma ya buɗe nasa rumbun na abin da yake zaton sun yi tarayya a kai, ya nemo abin da in ya ƙara hujjar za ta tsaya. Kyan wannan tsari shi ne ya nuna ainihin inda rashin fahimta ke shigowa, wato rumbunan biyu zato ne, kuma ba lalle su zo ɗaya ba. Akwai kuma wata tsohuwar matsala da Robert Ennis ya fayyace tun 1982: muƙaddimar da hujja ke buƙata dabam, wadda mai magana ya yi amfani da ita a ransa dabam. Kowace hujja, ko ta banza ce, ana iya gyara ta da ƙara "in dalilin gaskiya ne to sakamakon gaskiya ne," irin abin da kunkurun Carroll ya yi ta nema. In ka cike wa mutum giɓi da muƙaddima mai rauni ka zalunce shi, in ka cike da mai ƙarfin da bai taɓa tunani ba ka ara masa hankalin da ba nasa ba. Masu sharhin littattafai a cikinmu sun san zafin wannan, don sau da yawa rigimar marubuci da mai sharhi a kan abin da ba a rubuta ba take.

Daga nan sai iska ta juya. Maimakon a rubuta wa na'ura dokoki, sai aka koma ɗura mata rubutu mai ɗimbin yawa tana koyon wace kalma ke bin wace. A 2011 Hector Levesque ya kawo wata jarrabawa da ya raɗa wa sunan Terry Winograd, wanda ya fara kawo irin misalin a 1972. Jimloli ne tagwaye, kalma ɗaya ke sauya wanda lamiri ke nufi. Alal misali, "Audu ya ranta wa Bala kuɗi saboda yana da hali," da "Audu ya ranta wa Bala kuɗi saboda yana cikin matsi." Nahawu ba ya gaya maka wane ne "yana", sanin duniya ke gaya maka. A 2018 kuma Ivan Habernal da abokan aikinsa suka shirya gasa inda ake ba na'ura dalili da da'awa, ta zaɓi gadar da ta dace cikin biyu, gadar nan ta Toulmin. Wata manhaja mai suna BERT ta ci kashi 77 cikin 100, saura maki uku ta kamo mutane. Sai a 2019 Timothy Niven da Hung-Yu Kao na Taiwan suka bincika, suka tarar satar amsa ce: manhajar ta lura cewa amsar da ke ɗauke da kalmar korewa ita ta fi yawan zama daidai. Da suka daidaita tambayoyin yadda wannan alama ba za ta yi amfani ba, sai makinta ya faɗo daidai da na mai canki-canka. Kowane malamin makaranta ya san ɗalibin da ya haddace tsarin amsoshin bara.

Duk da haka ba za a ƙi gaskiya ba, manyan manhajojin harshe sun ci gaba da ƙarfi. Bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022, a 2023 wasu masana, ciki har da Ernest Davis wanda ya yi shekaru yana tattara tambayoyin jarrabawar Winograd, suka buga takarda suna shaida cewa an ci jarrabawar, tare da jan kunne cewa cin ta bai tabbatar an mallaki hankalin yau da kullum ba. Akwai dalilin wannan taka-tsantsan. Jonathan Gordon da Benjamin Van Durme sun nuna tun 2013 cewa rubutu ba madubin duniya ba ne, don ana rubuta labarin kisan kai fiye da yadda ake rubuta cewa mutum ya yi numfashi. Abin da ya fi zama sanin kowa shi ne aka fi ƙin rubutawa. Daɗin daɗawa, sanin kowa na wane gari? In muka rubuta, "Ba ta kiran sunansa, ai ɗan fari ne," Bahaushe ya ji cikakkiyar hujja, don ya san kunyar ɗan fari. Baƙon da bai san wannan ba zai cike giɓin da abin da ya saba, wataƙila ya ce uwar fushi take da yaron. Na'urar da mafi yawan abin da ta karanta da Ingilishi ne tana cikin haɗarin yin irin cikon wannan baƙo, kuma za ta yi shi da lafazi mai daɗi da cikakkiyar natsuwa.

Lenat bai bar aikinsa ba har ƙarshe. A ƙarshen watan Yulin 2023 shi da Gary Marcus suka fitar da takarda suna ba da shawarar a haɗa hanyoyin biyu: manhajar harshe ta kawo yalwa da saurin magana, rumbu irin na Cyc kuma ya riƙa bin sawunta, yana fito da kowace muƙaddima fili don a ga daga ina sakamako ya fito. Ya rasu ranar 31 ga Agusta 2023, yana da shekara 72, bayan ya shafe shekara 39 yana rubuta wa na'ura abubuwan da ba a faɗa.